Ɗakin Karatu da Jama'arsa: Tarihin Tarurrukan Masu Raya Littafi a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada wadda ta haura shekara 100, watau mutanen gari su haɗa kai su kafa ƙungiya don tallafa wa laburarensu, suna kiran kansu abokan laburare. An kafa irin wannan ƙungiya a Faris a 1913 saboda babban laburaren ƙasar Faransa. A Amurka ta fara bayyana a wani ƙaramin gari, Glen Ellyn, cikin jihar Illinois, a 1922, sa'an nan laburaren Bodleian na Jami'ar Oxford ya sami tasa a 1925. Aikin waɗannan ƙungiyoyi shi ne tara kuɗi da sayen littattafai, amma abin da ya fi riƙe su tare shi ne tarurruka: lacca, baje kolin tsofaffin rubuce-rubuce, gwanjon littattafai, da zaman shan shayi inda marubuci zai karanta aikinsa a ji.

In muka tsaya a kan suna da katin shiga da ma'aji, sai mu ce wannan al'ada baƙuwa ce a ƙasar Kano. In kuwa muka dubi aikin da kansa, za mu tarar cewa littafi bai taɓa rayuwa a ƙasar Hausa ba sai da jama'ar da ke taruwa a kansa. Abin da wannan takarda ke son nunawa ke nan, ta hanyar bin tarihin karkarar da ke arewa da birnin Kano. A ganina, duk inda ma'ajiyar littattafai ta sami jama'a masu shirya mata zama da buki ta ɗore, ko da kuwa zaure ne na ƙasa. Inda kuma aka gina ta da kuɗin hukuma aka bar ta da mai gadi da makulli, ba ta daɗe ba ta zama wurin kwanan jemagu.

Ƙasar da mutanenta

Wajibi ne mu fara da ƙasar, domin yanayin zaman mutane shi ya yanke hukunci a kan yawancin abin da ya biyo baya. Yankin da ya kewaye Kano, wanda ya haɗa da Ungogo da Minjibir da Dawakin Tofa har zuwa wajen Bichi da Dambatta, yana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya fara nazarin yankin tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba, ana ciyar da ita da taki, har da wanda jakuna ke ɗaukowa daga cikin birni bayan sun kai itace. Gero da dawa da wake da gyaɗa ne amfanin gonar, gawo da ɗorawa da kuka kuma suna tsaye a tsakiyar gonaki kamar an shuka su da gangan.

Abu biyu ne suka shafi zancenmu a nan. Na farko, mutane da yawa ba a cikin gari mai ganuwa suke zaune ba, a warwatse suke cikin unguwanni da gidajen gona, kowa kusa da abin da yake nomawa. Saboda haka gini guda da aka kafa a garin hakimi yana iya zama tafiyar rabin yini ga mafi yawan talakawan gundumar. Na biyu, shekara a nan kashi biyu ce. Daga saukar ruwan shuka har a kai amfani rumbu babu mai lokacin zama. Da rani kuwa akwai lokaci, sai dai a lokacin ne samari da almajirai da masu sana'a ke fita cin rani. Duk wanda zai tara mutanen wannan ƙasa a kan littafi, tilas ya san ranar kasuwa, ya san watan azumi, ya san lokacin da aka gama sussuka.

Zauren malam

Tun kafin zuwan Turawa a 1903 akwai littattafai a ƙasar Kano. Kowa ya san zaman da Shehu Magili ya yi a birni a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), kuma daga birni ilmi ya bazu zuwa tsangayoyi da zaurukan ƙauye. Laburaren malamin ƙauye ba shi da kanta. Warƙoƙi ne a cikin gafaka, gafaka a cikin akwati ko a rataye a bango saboda gara. A ciki za a sami Alƙur'ani rubutun hannu, da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, wani lokaci da Muhtasar, da Tafsirin Jalalaini, da Ishiriniya, da waƙoƙin wa'azi na ajami.

Wa ke riƙe da wannan ma'ajiya? Jama'ar unguwa ce, ko da yake ba su taɓa kiran kansu ƙungiya ba. Su ke kai wa malam zakkar hatsi da kaka, su ke yi masa gayya a gonarsa, iyayen yara ke biyan kuɗin Laraba, attajirin ƙauye kuma in ya dawo daga fatauci ko aikin hajji yakan zo da takarda ko littafi ya ba da sadaka. Mai kyakkyawan hannu ya kwafe littafin da aka aro daga wani malami kafin a mayar. Ta haka littafi guda ke haihuwa.

Tarurrukan wannan jama'a kuwa suna da tsari wanda ya fi na kowace ƙungiyar zamani ƙarfi, domin kalandar addini ce ke kiran taron, ba sakatare ba. Da azumi a zauna tafsiri, mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara da Hausa. A watan Rabi'ul Awwal a raya dare da karatun Ishiriniya. Yaro ya sauke Alƙur'ani a yi walima, a zaga da shi da allonsa mai zayyana, a ci a sha. Kullum kuma bayan sallar asuba ko tsakanin magariba da lisha manyan ɗalibai su kewaye malam, kowa da littafinsa, ɗaya na karantawa saura na saurare. Abin lura a nan shi ne, mutumin da bai iya ko baƙi ba yana da rabo a cikin wannan laburare, domin da kunne ake shigarsa. Ko a wajen mata an san wannan hanya: 'Yan Taru na Nana Asma'u (1793–1864) a ƙasar Sakkwato jajis ne ke ɗaukar karatu daga bakinta su kai wa matan ƙauyuka.

Raunin wannan tsari ɗaya ne, amma babba ne. Littattafan mallakar mutum guda ne, ran da ya rasu sai su shiga rabon gado tare da awaki da gonaki, ɗa ya ɗauki rabin littafi, ƙane ya ɗauki rabi. Ma'ajiyar da ta tsira a dunƙule sau da yawa barin gida ta yi. Misalin da aka fi sani shi ne na Alhaji Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962: rubuce-rubucensa fiye da 3,000 suna ajiye a Jami'ar Northwestern ta Amurka. A can an adana su da kyau, sai dai jikokin waɗanda suka yi gayyar da ta ciyar da irin waɗannan malamai ba su da kuɗin jirgin zuwa duba su.

Ɗakin karatu na En'e

Laburare irin na boko ya shigo Arewa ta ƙofar yaƙi. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin mulkin mallaka ta bukaci hanyar isar da labarin yaƙi yadda take so a ji shi, sai aka sa hukumomin En'e su buɗe ɗakunan karatu, a zuba musu jaridu da mujallu da hotuna da taswira. Abin karantawa da Hausa ya riga ya fara samuwa. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a ƙarƙashin Dokta R. M. East a 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Jiki Magayi da Idon Matambayi, wanda marubucinsa, Muhammadu Gwarzo, mutumin ƙasar Kano ne. Magana Jari Ce ta biyo baya, sa'an nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Janairun 1939, Malam Abubakar Imam na editanta.

A birnin Kano, a 1944, da aka kawo rediyo mai waya, bangon laburare na cikin wuraren da aka kafa lasifika, tare da gidan waya da majalisar Sarki. Wannan ƙaramin abu yana da ma'ana: hukuma da kanta ta gane cewa masu tsayawa a waje su saurara sun fi masu shiga ciki su karanta yawa nesa ba kusa ba.

Jama'ar farko da ta taru a kan waɗannan sababbin littattafai da jaridu ita ce ta malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan asibiti, kuma su ne suka kafa ƙungiyoyin da suka fi kama da abokan laburare na Turai. A Zariya Malam Sa'adu Zungur ya fara tara 'yan boko don zumunci da tattaunawa. A Bauci, cikin shekarun yaƙin, an yi zauren muhawara wanda ya haɗa shi da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, har Turawan mulki na halarta. A Sakkwato samari irin su Shehu Shagari sun kafa tasu. Abin da suke yi shi ne karanta jarida tare, gayyatar mai lacca, muhawara a kan batu guda da aka zaɓa tun da wuri, wani lokaci da wasan kwaikwayo. Malam Aminu tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna yake rubuta wasanni masu zambo ga zalunci da jahilci.

Sai dai muhawara ba ta da linzami. Zauren Bauci bai daɗe ba, domin da tambayoyi suka kai ga mulkin En'e da matsayin sarakuna, sai hukuma ta janye hannunta aka rufe shi. Daga irin waɗannan ƙungiyoyi ne Jam'iyyar Mutanen Arewa ta tsiro a 1948 a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. NEPU kuwa an kafa ta a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Watau ƙungiyoyin da da sun zama gatan ɗakunan karatu, siyasa ta kwashe mafi kyawun mutanensu cikin shekara goma. Ba na ganin wannan a matsayin asara ga ƙasa, amma asara ce ga laburare.

A karkara lamarin ya fi tsanani. Ɗakin karatu na En'e kayan hukuma ne, hukuma kuwa a idon manomi ita ce mai karɓar haraji da jangali, mai ɗaukar mutane aikin tilas, mai kotu da gidan yari. Ginin da ke maƙwabtaka da ofishin hakimi ba wurin da talaka zai je hira ba ne. Bayan 1950, da rikici ya yi zafi tsakanin masu sarauta da 'yan NEPU a gundumomin Kano, taron samari a kan jarida ya zama abin zargi. Karatun jarida a bainar jama'a bai tsaya ba, ya dai koma gindin bishiya da rumfar tela da bakin kasuwa, inda mai boko ɗaya zai karanta wa mutum ashirin.

Akwatin littattafai daga Kaduna

Gwamnati ta yi ƙoƙarin gyara. A 1950 aka ɗora wa wata Baturiya ma'aikaciyar laburare, Joan Parkes, aikin tsara ɗakunan karatun En'e, a 1952 kuma aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu, a karanta a mayar a karɓi wasu. Taron da UNESCO ta yi a Ibadan a 1953 a kan laburaren jama'a a Afirka ya ƙara wa wannan yunƙuri ƙarfi. Amma akwati daga Kaduna yakan zo da littattafan Ingilishi ne galibi, zuwa ƙasar da masu karatunta ajami da Larabci suka fi sani, mai kula da ɗakin kuma sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne wanda ba a koya masa aikin ba, abin da ya fi tsoro shi ne littafi ya ɓace a cire daga albashinsa. Mai irin wannan tsoro kulle kabad zai yi. F. A. Sharr, wanda aka gayyato daga Ostireliya ya duba bukatun laburare a Arewa, ya miƙa rahotonsa a 1963, kuma cikin abin da ya biyo baya har da buɗe sashen koyar da aikin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello a 1968. An sami ƙwararru. Jama'ar da za ta riƙe ɗakin a ƙauye kuwa ba abin da ake yayewa daga jami'a ba ne.

Abin da ya fi kusa da cin nasara a karkara a wancan zamani shi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorancinsa. Dalili kuwa shi ne ya bi yanayin ƙasar. Ajin manya ya je unguwa, da rani, a zaure ko a inuwa, ba a ce unguwa ta zo garin hakimi ba. Hukumar NORLA ta Zariya ta buga ƙananan littattafai masu araha, na boko da na ajami, ta kai su kasuwanni, ta kuma fitar da jaridun larduna, Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, da sauransu. Ga kuma majigi, wanda in motarsa ta sauka a gari da yamma har daga gidajen gona ake zuwa kallo. Ranar raba takardar shaida ta zama buki. Nan ne karo na farko da karatun boko ya sami irin abin da zauren malam ya daɗe da shi, watau lokaci sananne da taro da abin alfahari. NORLA ta rufe a 1959 saboda matsalar kuɗi, waɗanda suka koyi karatu kuma da yawa suka rasa abin karantawa, hannu ya koma ya sandare.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano

Da aka yi jihohi a 1967, an raba kayan laburaren Kaduna ga sababbin jihohin Arewa shida, Kano ta kama nata. Shekarun da suka biyo baya sun kawo makarantu arewacin jihar, ciki har da Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa a 1977, kuma a irin waɗannan makarantun kwana ne ƙungiyar Hausa da ta muhawara da ta wasan kwaikwayo suka zama abokan laburaren makaranta a aikace, suna koyi da Makon Hausa na ɗaliban Jami'ar Bayero. Gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi (1979–1983) ta soke haraji da jangali, ta kafa Hukumar Ilmin Manya a 1980, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983, kamfanin Triumph kuma ya fitar da Albishir da boko, Alfijir da ajami. Fitar da jarida da ajami amincewa ce, ko da ta zo a makare, da cewa manomin Minjibir ko Kunci da ake lissafawa cikin jahilai ya daɗe da iya karatu.

Amma jama'ar masu karatu mafi girma da ƙasar Kano ta taɓa gani ba hukuma ce ta tara ta ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kansu. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya. A Raina Kama akwai Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu. Suna duba wa juna rubutu, suna tallata littattafan juna a bangon nasu, suna haɗuwa a bukin ƙaddamarwa. Wasunsu sun haɗa hannu da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, kuma daga wannan mahaɗa ce fim ɗin bidiyo na Hausa ya fito, bayan Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990. A birni, reshen Kano na ƙungiyar marubuta ta ANA ya riƙa shirya zaman karatu, marubuci ya karanta, 'yan'uwansa su yi masa gyara a gabansa.

Malamai da yawa a cikin jami'a sun raina waɗannan littattafai, an kira su adabin kasuwar Kano, an ce soyayya ce kawai. Ba wannan muhawara ce gabanmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne hanyar da suka bi suka isa ƙauye. Ɗan tireda a garin kasuwa ya sayo su daga birni, ya jera a kan tebur, ya bayar haya kwana ɗaya ko biyu a kan kuɗi kaɗan. Wannan tebur laburare ne mai bayar da aro, ba tare da fom ko mai tsaya wa mutum ba. Kuma shi ne ya fara kai littafin boko ga waɗanda ɗakin karatun En'e bai taɓa tunawa da su ba, watau matan aure da ke cikin kulle. Yaro ne ɗan aike, shi zai karɓo ya mayar. A cikin gida wadda ta yi firamare ta karanta a bayyane, kishiya da uwar miji da maƙwabta suna tsinkar zogale ko ɓarar gyaɗa suna saurare, ana gardama a kan wanda ya kyauta da wanda bai kyauta ba a cikin labarin. Gidajen rediyo kuma suka ɗauki karanta littattafan kashi-kashi, masu sauraro na aiko da wasiƙu.

Tun da wayar hannu ta yawaita, hayar littafi ta ja baya ƙwarai, marubuta da dama sun koma sakin labari babi-babi a zaurukan WhatsApp da Facebook, inda masu karatu ke biyan kuɗi kafin a shigar da su, wasu kuma suna naɗar karatun da murya su sa a YouTube. A kasuwannin arewacin Kano mai cajin waya yakan tura wa mutum irin wannan karatu a katin waya tare da wa'azi da waƙoƙi, manomi ya saurara yana kan hanyar gona, matan gida kuma su ajiye wayar a kan tabarma a tsakar gida su kewaye ta.